Filin Malama: Na Sauke Alƙur'ani, Amma Na Faɗi Jarrabawar Addini

Wasiƙun da suka zo mini a wannan watan kusan duk maganar jarrabawa suke yi, tunda WAEC ta ƙarato, NECO kuma tana biye da ita a baya. Na ware guda huɗu da suka shafi darasin da na shafe shekara 21 ina koyarwa a makarantar 'yan mata, wato Addinin Musulunci. Waɗanda suka aiko tambaya a kan lissafi da kimiyya su yi haƙuri, na miƙa nasu ga masu fannin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni 'yar aji shida ce. Na sauke Alƙur'ani tun ina aji uku, na karanta Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi a Islamiyya, har ina taya malaminmu biya wa ƙananan yara karatu. Amma da aka yi mana jarrabawar gwaji sai na samu D7 a Addini, ƙawata kuwa da ba ta kai ni karatu ba ta samu B3. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba, kunyar nuna wa Baba takardar nake ji. Ina kuskurena yake? Daga ɗalibarki a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki, karatunki yana nan, babu abin da ya same shi. Duk shekara sai na ga irinki a ajina, kuma su ne suka fi tsaya mini a rai: yarinya ta san addininta sarai, ta shiga ɗakin jarrabawa da ƙwarin gwiwa, ta fito da sakamakon da bai dace da ita ba. Abin da ya faru shi ne kin ɗauka karatun Islamiyya ya ɗauke miki nauyin shiri, sai kika ba lissafi da Turanci duk lokacinki, kika bar wannan darasi a gefe. Ƙawarki kuwa da ta san ba ta da tushe, sai ta rungumi littafin makaranta da tambayoyin shekarun baya.

Ki fara da gane cewa da Turanci ake yin wannan jarrabawa, sunayen abubuwa kuma da Larabci ake kiransu, a rubuce da baƙaƙen boko. Ke kin san alwala da taimama da wankan janaba, takarda kuwa wudu da tayammum da ghusl za ta ce miki. Kin san ƙabli da ba'adi tun kina ƙarama, amma idan aka rubuta sujud as-sahw kina iya tsayawa kina kallonsa kamar baƙo. Haka surori. Mu da farkon sura muka saba kiranta: Ƙulhuwa, Izaja'a, Inna anzalnahu, Li'ilafi. A jarrabawa Ikhlas za ki gani, da Nasr, da Qadr, da Quraysh. Na taɓa samun wata ɗaliba mahaddaciya, wadda ta ciyo mana kyauta a musabaƙa, ta tsallake tambaya sukutum a kan Suratun Nasr don ba ta gane Izaja'a ake nufi ba. Da na karanta mata ayar farko bayan an fito, sai ta ɗora hannu a ka. Tun daga ranar nake sa kowace ɗaliba ta sayi ƙaramin littafin rubutu, ta raba kowane shafi gida uku: sunan Hausa, sunan Larabci yadda littafin makaranta ya rubuta shi, da ma'anarsa da Turanci. Ki yi wannan a makon nan. Ba zai ci miki fiye da yammaci uku ba, kuma rabin damuwarki a nan take.

Sai batun rubuta nassi. Tambayar Alƙur'ani da ta Hadisi yawanci gaɓa uku take zuwa da su: rubuta nassin da Larabci ko da baƙaƙen boko, fassara shi da Turanci, sannan kawo darussan da ke cikinsa. Masu sauka irinku gaɓar farko kuke cinyewa, ku yi tuntuɓe a sauran biyun. Fatiha da gajerun surori kamar Duha, Tin, farkon Alaq, Qadr, Kafirun, Nasr, Ikhlas, Falaq da Nas, ki zauna ki haddace fassararsu ta Turanci aya bayan aya, kamar yadda kika haddace Larabcin. Kada ki dogara da cewa za ki juya fassarar Hausa da ke kanki zuwa Turanci a ɗakin jarrabawa, lokaci ba zai bar ki ba, kalmomin kuma za su gudu. Idan a makarantar allo kika fara karatu, da ruwayar Warshu da rubutun Magaribi hannunki ya saba, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Littattafan makaranta da ruwayar Hafsu suke zuwa. Duka biyun ingantattu ne, amma takardarki ba ki san hannun wanda za ta faɗa ba, don haka ki bi rubutun da ke cikin littafin makaranta, ki gwada rubutawa a gida ba tare da kallo ba, har sai kin daina sauke wasali ko ɗigo.

Hadisi ma haka. Ki riƙe lambarsa a cikin Arba'una da sunan sahabin da ya ruwaito shi. Na farko, hadisin niyya, daga Sayyidina Umar ne. Na shida, mai cewa halal a bayyane yake haram ma a bayyane yake, daga Nu'umanu ɗan Bashir. Na bakwai, addini nasiha ne, daga Tamimud Dari. Na 13, ɗayanku ba ya cika imani sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa, daga Anas. Na 34, na gusar da mummunan aiki da hannu ko harshe ko zuciya, daga Abu Sa'idil Khudri. Tambaya tana iya zuwa da lamba kawai, ba tare da ta ba ki ko kalmar farko ba.

Yanzu ga abin da na fi so ki ji. Na sha zama wurin duba takardun jarrabawa, kuma mai dubawa yana da jagora a gabansa da aka jera amsoshi, kowace gaɓa da makinta. Shi gaɓoɓi yake ƙirgawa. Ɗaliban Islamiyya kuwa wa'azi suke yi. A ce su kawo darasi biyar daga Suratud Duha, sai su cika shafi guda da bayani mai daɗi a kan tausayin maraya, wanda duk gaskiya ne, amma darasi ɗaya ne, makin ɗaya kuma zai samu. Wata kuma ta rubuta layi biyar: Allah bai yasar da Annabinsa ba, lahira ta fi duniya alheri, kada a wulaƙanta maraya, kada a tsawata wa mai tambaya, a riƙa bayyana ni'imar Allah. Ta kwashe makin duka cikin minti huɗu. Ki lura da kalmar da tambaya ta fara da ita. Idan an ce ki lissafa, jera kawai. Idan an ce ki yi bayani, kowace gaɓa ki ba ta jimla biyu ko uku da misali. Idan an ce biyar, ki kawo biyar, kowacce a layinta da lambarta.

A fiƙihu kina da fifiko a kan ƙawarki, kada ki yi wasa da shi. Farillan alwala bakwai da kika karanta a mazhabarmu ta Malikiyya: niyya, wanke fuska, wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da jerantawa ba tare da jinkiri ba. Aya ta 6 a Suratul Ma'ida ita ce hujjar gaɓoɓin nan huɗu, ki ambace ta. Kuskuren da nake yawan gani shi ne a tsoma kurkurar baki da shaƙa ruwa da shafar kunne cikin farillai, alhali sunnoni ne. Ki bi salla da azumi da hajji da wannan idon: mene ne farilla, mene ne sunna, me ke ɓatawa.

Takardar kuma ki kai wa Baba da hannunki, ki faɗa masa abin da kika gano da abin da za ki yi a kai. Gwaji ne, don irin wannan aka yi shi.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni matsalata tarihi ce. Shekaru suna cakuɗe mini, in na riƙe Badar sai Uhudu ta kufce. Kuma malaminmu bai kai mu babin Musulunci a Afirka ta Yamma ba, ya ce lokaci ya ƙure. Zan iya tsallake shi? Ɗanki daga Bauci.

AMSA: Ɗana, kada ka tsallake. Takarda ta farko ta WAEC tambayoyin zaɓi ne guda 50, daga kowane lungu na manhaja ake tsinto su, ba ka da ikon cewa wannan ba nawa ba ne.

Shekaru suna cakuɗe maka ne don kana haddace su tsirara, babu labari a jikinsu. Ka ɗauki Hijira, shekarar 622, ka kafa ta kamar turke, sauran duk ka ɗaure su a jikinta. Shekara ta 2 aka yi Badar, ranar 17 ga Ramadan, Musulmi ɗari uku da 'yan kai suka rinjayi Ƙuraishawa kusan dubu. Wanda aka kashe wa manya ba zai zauna ba, shi ya sa a shekara ta 3 suka dawo ɗaukar fansa a Uhudu, inda maharba 50 da aka ajiye a kan tudu yawancinsu suka bar wurinsu, aka yi shahidai 70, cikinsu har da Sayyidina Hamza. Da suka ga Uhudu ba ta gama da Musulmi ba, sai suka tattaro ƙabilu a shekara ta 5, Salmanul Farisi ya ba da shawarar haƙa gwalalo, shi ne yaƙin Khandaq. Ƙarfi ya gaza, sai sulhu: Hudaibiyya a shekara ta 6, aka ajiye makami na shekara goma, Musulmi su koma ba umara a wannan shekarar, su dawo baɗi su yi kwana uku. Aka karya sulhun, sai buɗe Makka a shekara ta 8. Hajjin bankwana a ta 10. Ka ga kowanne shi ya haifi na gaba da shi. In ka ba ƙanenka wannan labari da bakinka sau biyu, ba za ka sake mantawa ba. Abu ɗaya dai, ka riƙa rubuta wace shekara kake nufi, ta Hijira ko ta Miladiyya, don Badar shekara ta 2 ce a ɗaya, 624 a ɗayar.

Halifofi huɗu ma da aikinsu za ka riƙe su. Sayyidina Abubakar, 632 zuwa 634: yaƙin masu ridda, da tattara Alƙur'ani wuri guda bayan mahaddata da yawa sun yi shahada a Yamama, aikin da aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit. Sayyidina Umar, zuwa 644: kafa kalandar Hijira da tsarin diwani, wato rajistar mayaƙa da rabon kuɗin baitulmali. Sayyidina Usman, zuwa 656: haɗa mutane a kan mus'hafi ɗaya, bayan Huzaifa ɗan Yaman ya kawo ƙarar saɓanin karatu. Sayyidina Ali, zuwa 661: yaƙin Raƙumi da Siffin, da mayar da hedikwata Kufa. Ɗalibai da yawa suna rikita tattarawar zamanin Abubakar da daidaitawar zamanin Usman, masu tsara tambaya kuma sun san da haka.

Babin da kake so ka tsallake kuwa, ai tarihin gidanku ne, kuma ya fi kowanne sauƙi a gare ka. Fatake ne suka kawo addinin ta hanyoyin Sahara, da malaman da ke biye da ayari. Mansa Musa na Mali ya yi hajjinsa a 1324. Askiya Muhammadu na Songhai ya hau mulki a 1493, Timbuktu ta cika da malamai a zamaninsa. Sarakunan Kanem sun karɓi Musulunci tun ƙarni na 11. Wangarawa, malamai da fatake daga ƙasar Mali, sun iso Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Shehu Magili kuma ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake mulki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo an haife shi a Maratta a 1754, ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, a shekarar aka gwabza a Tafkin Kwatto, ya rasu a 1817. Ka haɗa da ƙanensa Abdullahi na Gwandu, da ɗansa Muhammadu Bello, da 'yarsa Nana Asma'u da aikinta na ilmantar da mata. Garinku ma yana cikin labarin, tunda Malam Yakubu da ya kafa Bauci almajirin Shehu ne, daga hannunsa ya karɓi tuta. Kwana biyu sun ishe ka wannan babin.

TAMBAYA: Malama, ni uba ne, ɗana zai zauna jarrabawa bana. An kira mu taro a makarantarsu, aka ce kowane uba ya kawo wasu kuɗi na "taimako", wai don a sassauta wa yara a ɗakin jarrabawa. Sauran iyaye duk sun amince. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina tsoron in hana, ɗana ya faɗi, abokansa su wuce jami'a su bar shi. Me kike gani? Wani uba daga Kaduna.

AMSA: Malam, zuciyarka gaskiya ta faɗa maka, kada ka biya. Na san ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya tsaya shi kaɗai a taro, kuma na san kuɗin rajista da ka biya da gumi ka same su. Amma dubi abin da ake nema a wurinka. Yaro zai zauna ya rubuta hadisin niyya, ya rubuta cewa halal a bayyane yake haram ma a bayyane yake, da amsar da aka rubuta masa a allo, wadda mahaifinsa ya saya. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tarin ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Hatsi ne wannan. To ina ga takardar shaidar da mutum zai ci abinci da ita har tsufansa?

Ko ta fuskar duniya ma cinikin asara ne. Tun 1999 akwai dokar ƙasa da ta mayar da maguɗin jarrabawa laifi mai hukunci, kuma hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamako ko su soke shi. Mai duba takarda ba ya buƙatar a gaya masa. Takardu 30 daga ɗaki ɗaya, jimla iri ɗaya, kuskuren rubutu iri ɗaya a wuri ɗaya, da kansu suke tona asirin kansu. Na ga yarinya mai ƙoƙari da wannan ya rutsa da ita, ta rasa shekara guda saboda amsar da ta fi wanda ya rubuta ta sani. Sannan JAMB tana gaba, a kwamfuta, kowa da allonsa. Wanda aka ɗauka a kafaɗa ya ƙetare rafin farko, a na biyu zai tsaya.

Ka zauna da ɗanka ka faɗa masa dalilinka, kada ya ji a bakin abokai ya ɗauka rowa ce. Kuɗin nan ka saya masa littafin tambayoyin shekarun baya da su, ka samo malami ko wani ɗalibin jami'a a unguwa ya riƙa zama da shi sau uku a mako. Ka kuma nemi ko uba biyu cikin waɗanda suka yi shiru a taron, za ka tarar ba kai kaɗai ne abin ya dama ba. In har Allah ya ƙaddara bai samu kiredit ɗin da yake nema ba a wannan karon, NECO tana nan, akwai kuma zagaye na masu zaman kansu da ake yi daga baya. Shekara mai zuwa kuwa, in kana da ƙannensa a wannan makaranta, ka sake tunani a kan barinsu a can.

TAMBAYA: Malama, saura mini mako shida. Ni ce babba a ɗakinmu, girki da wanke-wanke da raino duk a kaina suke, da dare kuma babu wuta. Ta ina zan fara? 'Yarki daga Haɗeja.

AMSA: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da hidimar da kike wa gidanku. Ki sami Umma cikin ladabi ki roƙe ta awa ɗaya bayan sallar asuba, mako shida kacal, ƙannenki su karɓi shara da ɗebo ruwa. Hasken safiya kyauta ne, kai kuma a sake yake. Mako biyun farko ki ba surori da hadisai da fassararsu, ki rubuta su a 'yan takardu ki riƙa bita kina gaban murhu. Na uku tarihi. Na huɗu da na biyar fiƙihu, ki matsa wa wuraren da ke da adadi, don su ne abincin tambayoyin zaɓi: mutum takwas da ake ba zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba, nisabin tumaki da awaki 40, shanu 30, raƙuma 5, ɗaya bisa goma a amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, rabin haka a wadda aka sha wahalar ban ruwa, iddar mamaci wata huɗu da kwana goma, ta mai ciki kuma haihuwa. A babin aure da saki ki bambance khul'i da faskhu da zihari da li'ani, ki riƙe littattafan hadisi shida da masu su, da bambancin isnadi (jerin masu ruwaya) da matani (lafazin hadisin), da limaman mazhabobi huɗu. Makon ƙarshe kada ki buɗe sabon babi. Ki ɗauki tambayoyin shekara uku da suka wuce, ki aro agogo, ki amsa su a rubuce kamar kina ɗakin jarrabawa, ki kai wa malamarku ta duba miki. Inda kika ga kin maƙale, rubuto mini da sunan babin, zan ba shi fili a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.